Kututture uku a filin gini: katafila za a ɗauko ko gatari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi fili a bayan gari, kuma ina so in sa harsashin gini bayan damina. Akwai kututture uku a ciki, na darbejiya biyu da na mangwaro ɗaya, duk manya. Ɗaya daga cikin na darbejiyar yana dab da katangar maƙwabcina, tsakaninsu bai kai taku biyu ba. An ba ni shawarar in yi hayar katafila ta tumɓuke su a yini guda. Shin hakan daidai ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Biyun da ke tsakiyar fili, inji zai cire maka su kafin azahar. Na jikin katangar nan kuwa, kada ka bari inji ya taɓa shi sai an fara yi masa aikin hannu.

Mu fara da injin, domin a bakinmu duk wani babban inji mai launin ɗorawa katafila ne, sunan da ya samo asali daga kamfanin Caterpillar. Mai tura ƙasa da faffaɗan bakin ƙarfe, wato buldoza, ta share daji da gona ce. A filin gida ɓarnarta ta fi aikinta yawa. Abin da kake buƙata shi ne mai dogon hannu da bokitin haƙa. Babbarsa, irin Cat 320, ta haura tan 20, faɗinta ya kusa mita 3, kuma ba ta bin kwalta da ƙafarta, sai an ɗoro ta a tirela. Kuɗin kawowa da mayarwa duk a wuyanka yake. Akwai matsakaiciya mai tayoyi, irin JCB 3CX, mai nauyin tan 8 ko kusa da haka, wadda ke zuwa da kanta. Ga kututture uku, ita zan zaɓa. Ka auna faɗin lungun da za ta shigo tun kafin ka ba da kafin alƙalami, ka kuma ɗaga kai ka duba wayoyin lantarki, don hannun injin yana miƙewa sama sosai.

Yawancin mutane suna zaton saiwar itace ƙasa take nutsawa kamar rogo. Gawo yana yin haka, amma galibin itatuwan da muke dasawa a gida yawancin saiwarsu tana cikin mita ɗaya na saman ƙasa, sai dai ta bazu gefe, har ta zarce inda inuwar itacen take kaiwa. Wato darbejiyar nan ta daɗe da tura saiwa ƙarƙashin katangar maƙwabcinka. In direba ya maƙalo kututturen ya fizga, saiwar za ta taso da abin da ke kanta. Katangar bulo ce ko ta ƙasa, ko dai ta tsage nan take, ko ta jira ruwan farko ta kwanta. Ina ganin wannan ya fi komai muhimmanci a tambayarka, domin kuɗin gyaran katanga ana biya a wuce, amma ɓacin ran maƙwabcin da za ku zauna shekaru tare ba ya saurin gogewa. Ka je ka same shi, ka gaya masa abin da kake shirin yi, ka tambaye shi inda shaddarsa da rijiyarsa da bututun ruwansa suke. Sannan ka sa leburori su haƙa siririn rami da diga da shebur tsakanin kututturen da katangar, ba tare da sun tone gindinta ba, su datse duk saiwar da suka tarar da gatari. Sai an raba shi da katangar sarai, sannan inji ya ja shi zuwa cikin filinka.

A naka filin ma ka bincika. Tsohuwar shadda ko rijiyar da aka rufe da itace da ƙasa ba ta ɗaukar nauyin tan 8.

Direban da ya san aikinsa ba ya fara da fizga. Yakan haƙa kewayen kututturen, ya tsinke manyan saiwoyin ɗaya bayan ɗaya da haƙoran bokiti, ya girgiza shi gaba da baya har ya saki, sannan ya ɗago shi ya kakkaɓe ƙasar a cikin ramin. Da a ce ba a riga an sare itatuwan ba, da na ce a bar gangar jikin ta kai tsayin ƙirji, don inji ya sami abin turawa. Ranar aikin ka sa babban mutum ya tsare yara. Inji na shigowa unguwa za su cika wurin, kuma direba ba ya ganin abin da ke bayansa idan ya juya. Haka kuma kada ka yarda a ɗaura sarƙa a ja kututture da mota ko tifa, don in sarƙar ta tsinke, kan mutane take dawowa.

Lokacin da ka zaɓa ya yi. Da damina ta ɗauke, ƙasa na da sauran laima, saiwa na saurin saki. A tsakiyar damina inji zai dame maka fili ya zama taɓo, a tsakiyar rani kuma ƙasar ta ƙeƙashe, ka biya kuɗin awanni da man gas fiye da kima. Ku yi magana dalla-dalla tun farko: a kan awa za a biya ko a kan yini, wa zai sayi mai, kuma wa zai kwashe kututturen. Kada ka raina wannan na ƙarshe, don kututturen mangwaro da ƙasar jikinsa ya fi ƙarfin amalanke. Masu faskare ko masu gidan burodi sukan so shi in ya bushe.

Saura ramin, inda ake yawan yin sakaci. Wasu direbobin za su ce maka a binne kututturen a gefe a huta. Ka ƙi. Itacen da ke ƙarƙashin ƙasa abincin gara ne, kuma in ya ruɓe sai wurin ya lotsa, daɓe ya fashe, bango ya tsage bayan wasu shekaru. A tsince manyan saiwoyi, musamman na darbejiya, domin ita ko an sare ta tana sake tofowa daga kututture da saiwa. A cike ramin da jar ƙasa mai tsakuwa kashi-kashi, kowane kashi kamar santimita 15 zuwa 20, a yayyafa ruwa a daddaɓe shi kafin a zuba na gaba. Zuba tifa guda a lokaci ɗaya a bi ta kai da inji ba ya wadatarwa, samansa kawai ke yin tauri.

Ka kafa turaku a inda kowane rami yake, ka nuna wa injiniya ko maginin da zai fitar maka da harsashi. In layin bango ya bi ta nan, dole a zurfafa haƙa har a wuce cikon a tarar da ƙasar asali. In kuma ƙasar wurin laka ce mai tsagewa da rani, ka gaya masa itatuwan manya ne da kuma lokacin da aka sare su. Irin wannan ƙasar takan kumbura bayan an cire itacen da ke shanye ruwanta, kuma zai so ya san haka kafin ya yanke zurfin harsashin.