Kiɗan da makaɗa ke zarewa ɗaya bayan ɗaya

Wai tambayarka, me ya sa a simfonin Haydn mai lamba 45 makaɗa suke tashi su fice tun kiɗa bai ƙare ba, ko faɗa aka yi a bidiyon da ka gani? Ku yaran yanzu komai a waya kuka san shi, kafin a kai minti biyu kun tsallaka na gaba.

Simfoni dai dogon kiɗa ne mai kashi-kashi da taron makaɗa ke bugawa. Haydn kuwa, mai tsara kiɗa ɗan Austria, bara ne, yaro. Kusan shekara 30 ya yi yana wa gidan sarautar Esterházy kiɗa. A 1772 Yarima Nikolaus ya kwashi makaɗansa zuwa fadarsa ta Eszterháza a ƙasar Hungary, ya yi zamansa, matan makaɗan kuwa suna can gida a garin Eisenstadt. Wa ke da bakin cewa "ranka ya daɗe, muna son gida"? Sai Haydn ya saƙa maganar cikin kiɗa. Kashi na huɗu ya taso da gudu yadda aka saba, kwatsam ya lafa. Mai algaitar Turawa na farko da mai ƙaho na biyu suka gama nasu, suka hure kyandir, suka fita. Aka yi ta zarewa har ya rage goge biyu, Haydn da kansa da Tomasini, babban mai gogen fadar. Yarima ya gane, washegari aka ɗaure kaya.

Wannan ɗan halak ke nan. Ni kuwa da wani Alhaji Allah ya haɗa ni, ba zan kama sunansa ba. Ya ɗauki bandinmu bikin 'yarsa a wani gari, ciniki a kan kamu da dina kawai, ya ba da kafin alƙalami. Muna zuwa aka ƙaro wuni, aka ƙaro budar kai, abokansa 'yan siyasa suka iso aka ce a sake. A gareji muke kwana, leɓen yarana ya kumbura, matar mai ganga tana kan gwiwa a gida. In na nemi ganinsa sai a ce yana da baƙi. Daren ƙarshe na ce bari in yi masa irin ta Haydn, cikin ladabi. Yara suka riƙa sulalewa ɗaya ɗaya, tsaf, ko ƙarar kujera babu, ya rage ni kaɗai ina busa. Ka san me mutumin nan ya ce da safe? Wai yarana sun gudu tsakiyar taro, mun kunyata shi gaban manya, don haka sauran kuɗi babu. Ko na mota bai bayar ba! Ƙahona ƙirar Jamus na sayar na sallami yara, har yau ban riƙe irinsa ba. Allah ya isa.

Ƙirgen bugu da inda kowa zai tsaya kuwa, in sai na koya maka wannan, koma gida. Abin da ke kayar da masu buga wannan simfonin shi ne waɗanda suka rage su ƙara ƙarfi don cike gurbi. Haram! Ramar sautin ita ce saƙon.

Kuma ka duba muryar da Haydn ya ɗora kiɗan a kai, F sharp minor, wadda ba a cika taɓawa ba a zamanin. Ƙahon makaɗansa ba shi da maɓallai irin namu, sai da aka ƙera masa ƙarin bututu. Daga aljihun Yarima kuɗin ya fito. Nawa Alhajin ko ruwan leda sai mun saya.