Amsa ga ɗan'uwan da aka zarga da ɓatan kaya a sito

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce an zarge ka da hannu a ɓatan kaya a siton da ka yi aiki a Apapa ta Legas har ka bar wurin, yanzu ga aikin ɓangaren kaya ya samu a filin jirgin Murtala Muhammed na Ikeja, kana fargabar tantancewa. Ni ma na taɓa shiga wannan hali.

Zargi daban, hukuncin kotu daban. Takardar shaidar hali ta 'yan sanda, wadda ake dangwala yatsu dominta a Alagbon da ke Ikoyi, tarihin laifi take dubawa a rajistarsu. In maganarku a ofishin manaja ta tsaya, ba ta da ƙafar zuwa can. Ta POSSAP, shafin intanet na 'yan sanda, ake fara neman takardar, kada ka ba ɗan kamasho kuɗinka.

Inda gizo ke saƙa shi ne tsohon wurin aikinka, don ana iya tuntuɓarsu. Ni dizal ne ya yi ƙasa a tankin janareta, littafin shiga da fita kuwa a hannuna yake. Aka ba ni kweri, wato takardar neman bayani, na amsa, kwamiti ya zauna bai kama ni da komai ba. Amma kallon da ake mini ya ishe ni, na yi zuciya na ajiye aiki, ko takarda ban tsaya karɓa ba. Wani dattijo da muke sallah tare a Agege ne ya ce mini, "Yaro, wanda aka wanke da baki ba a wanke shi ba, koma su rubuta." Sau huɗu ina shan cunkoso a danfo kafin su ba ni wasiƙa mai layi uku da hatimi. Ranar ganawar neman sabon aiki na ga alamar labarin ya riga ni isa. Jami'in ya ɗago kai ya ce me ya raba ni da wurin. Na faɗa masa tiryan-tiryan, na miƙa wasiƙar, ya karanta ya sa a fayil, muka wuce wata tambaya.

Don haka in fom ya tambayi dalilin barin aiki, rubuta gaskiya a taƙaice, ban da zagin kowa. Masu tantancewa amana suke aunawa. Su kama ka da ɓoye abu ya fi zargin kansa muni, kuma ka ja wa masu tsaya maka.

Da a banki ne ma da lamarin ya fi tsauri, don wanda aka kora kan zamba ana kai sunansa Babban Bankin Najeriya.

Abin da ban gane ba a bayaninka: kai ka ajiye, ko korarka aka yi a rubuce? In kora ce da kalmar sata a ciki, alhali ba a saurare ka ba, nemi lauya ya duba maka batun Kotun Ma'aikata da ke Ikoyi kafin ka cika fom ɗin nan. Allah Ya fid da kai.