Tambaya da Amsa: Itatuwan da Suka Dace da Tudu da Fadamar Galma

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gaji wani fili a Dakace, rabinsa tudu ne, sauran kuma ya gangara zuwa fadamar kogin Galma, inda ruwa yake kwanciya a tsakiyar damina. Masu sayar da dashe sun ba ni shawarar in cika shi da turare da dogon yaro saboda saurin girmansu, ni kuwa raina ya fi kwanciya da itatuwanmu na gargajiya. Waɗanne ne suka dace, kuma a ina zan sa kowannensu? Daga wani mai karatu, Dakace, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Tun da farko ina goyon bayan ra'ayinka. Turare daga Ostireliya aka kawo shi, dogon yaro kuma daga yankin Indiya, kuma ko da yake suna da amfaninsu, turare yana shan ruwa ƙwarai, ganyensa da saiwarsa suna hana shuka sakewa a ƙarƙashinsa, don haka bai kamata a ba shi fadama mai albarka irin taka ba.

Abin da zai yanke maka hukunci shi ne yadda ruwa yake zama a filin. Zariya tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, daga watan Mayu zuwa farkon Oktoba, kuma ya fi ƙarfi a Agusta. A wannan watan ne ya kamata ka zagaya filin, ka kafa turaku a iyakar inda ruwa yake kaiwa, ka kuma lura da inda yake janyewa bayan kwana biyu da inda yake shafe makonni, domin bishiyar da take jure fari ba lallai ba ne ta jure zaman saiwarta cikin ruwa.

A ɓangaren tudu, ɗorawa ce zan fara ambata, saboda tana ba da inuwa da gari da kalwar da ake yin daddawa. Irinta yana da tauri, sai an jiƙa shi a ruwan zafi ya kwana kafin a shuka. Tsamiya da kuka su ma ba sa son ruwa ya kwanta a gindinsu. Kaɗanya kuwa tana bukatar haƙuri, domin takan kai shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, ƙwallonta kuma ba ya ajiyuwa, sai a shuka shi da zarar ya faɗo, a daidai inda ake so ta zauna, tun da saiwarta tana nutsewa ƙasa kafin ganye ya bayyana sosai. Idan kana son noma hatsi a wurin, ka sa gawo, wanda yake zubar da ganye da damina ya bar wa dawa da masara hasken rana, sannan ya ba dabbobi 'ya'yansa da rani.

Fadamar ce ta fi bukatar lura. A gefenta, inda akwai danshi amma ruwa ba ya daɗewa, ɗinya da kanya da maɗaci suna yin kyau, haka ma giginya. Ita giginya akwai namiji da mace, kuma ba a bambanta su sai sun girma, don haka a binne ƙwallo da yawa kai tsaye a inda za su tsaya, domin ba ta son dashe. Wanda ya yi rara kuma a tone shi a ci muruci. A can ƙasa inda ruwa yake kwanciya, giyayya da bagaruwa ne suke jurewa, ɓaure da malmo kuma sun saba da gaɓar rafi. Amma abin da zai fi riƙe maka gaɓa daga zaizaya shi ne ciyawa, musamman jema, wadda saiwarta take dunƙule ƙasa ta nutse da zurfi. A dasa ta layi-layi a gicciye da gangaren, gamba kuma a sama da ita, ka samu abin yin zana.

Kafin ka sayi komai, ka duba kututturan da suke toho a filin lokacin sassabe. Manoman Maraɗi da Damagaram sun dawo da itatuwa masu ɗimbin yawa a gonakinsu tun daga shekarun 1980 ta hanyar barin toho ɗaya ko biyu masu ƙarfi suna sare sauran, kuma irin wannan toho ya fi dashe saurin girma saboda tsohuwar saiwarsa tana nan.

Lokacin dashe shi ne ƙarshen Yuni zuwa Yuli, bayan ƙasa ta jiƙe. A kewaye kowace bishiya da ƙaya saboda awaki, a share busasshiyar ciyawar da ke gindinta kafin hunturu saboda gobarar daji, a kuma riƙa ba ta ruwa a ranin farko. Rimi da maɗaci da ɓaure a nisanta su da gini da rijiya. Idan kuma kana son a gwada maka ƙasar filin, sai ka kai samfurinta Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru.