Ku Tambaya Mu Amsa: Lasisin Babur, Takardun Rajista da Sababbin Dokokin Hanya

Tambaya: Assalamu alaikum. Na daɗe ina tuƙa mota, kuma lasisina bai mutu ba. Kwanan nan na sayi babur mai cc 150 don gudun cunkoso. Wani ya ce mini lasisin motar ya wadatar. Haka ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, ɗauko katin ka duba inda aka rubuta ajinsa. Lasisi aji-aji ne, kuma yawancin ƙasashe tsarin Yarjejeniyar Biyana ta 1968 kan zirga-zirgar hanya suke bi ko mai kama da shi: harafin A na babur, harafin B na motar da nauyinta bai wuce kilo 3,500 ba, mai kujerun da ba su haura takwas ba ban da ta direba. Idan B kawai ka gani, a idon doka ba ka iya babur ba, ko da shekara talatin ka yi a kan sitiyari.

Inda aka sassauta ma, a kan ƙananan babura ne. A Faransa mai lasisin B na shekara biyu yana iya hawa babur mai cc 125 (cc ma'aunin girman inji ne) bayan horon awa bakwai. A Sifen sai ya cika shekara uku. Naka mai 150 ya riga ya tsallake wannan iyaka. Tarayyar Turai tun 2013 hawa-hawa take yi: A1 na cc 125 da ƙarfin da bai wuce kilowat 11 ba, A2 har kilowat 35, sannan cikakken A, wanda mutum ba ya samunsa kai tsaye sai ya kai shekara 24.

Tarar jami'i ita ce mafi sauƙin abin da zai same ka. Babbar matsalar tana wajen inshora. Ran da tsautsayi ya faɗa, abin da kamfani zai fara dubawa shi ne ajin lasisinka, kuma in bai dace da abin da ka hau ba, yana da hujjar ƙin biyan asararka.

Ka je a ƙara maka A. Amma ka yi shiri, don direbobin mota sukan faɗi a gwajin tafiya a hankali, wato zagaya ƴan sanduna da zana lamba 8 a fili. Dalili biyu ne. Na farko, suna kallon tayar gaba, alhali babur inda ido ya nufa can yake bi. Ka ɗaga haɓa ka kalli inda za ka fita. Na biyu, suna damƙe birkin gaba yayin da babur ke karkace, nan take sai a ji su a ƙasa. A tafiyar sannu kulochi rabi-rabi ake riƙewa, totur kaɗan ba yankewa, ƙafar dama tana taɓa birkin baya. A tsayuwar gaggawa kuwa abin juyawa yake: nauyi yana komawa gaba, birkin gaba ne ke ɗaukar kusan kashi 70 cikin 100 na aikin, sai dai matsa shi ake yi a hankali ana ƙarawa, ba fizga ba. Kuma kada ka manta waiwaye ta kafaɗa kafin ka tashi ko ka sauya layi. Mai gwaji yana kallon kanka, madubi kaɗai ba ya gamsar da shi.

Tambaya: Na sayi babur na hannu, na biya, an ba ni takardu. Da na isa gida sai na ga harafi ɗaya a lambar jikin babur ɗin ya saɓa da na takarda. Mai sayarwar ya ce ba komai, ko ya kai ni wajen mai buga lamba a gyara. Ina mafita?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka bari guduma ta taɓa wannan ƙarfe. Kuskure a takarda ana gyara shi a ofis. Lambar da aka sake bugawa a jiki kuwa laifi ce kai tsaye, kuma wanda aka kama babur a hannunsa shi zai fara amsa tambaya.

Fara da tabbatar da abin da ka gani. Lambar shasi, ta jikin babur ke nan, tana wuyan babur, wato bututun da kai yake juyawa a cikinsa. Ta inji kuma tana jikin akwatin inji, galibi ta hagu kusa da abin sa giya. Wanke wurin da tsumma da ɗan kananzir, ka ɗora farar takarda ka goga fensir a kwance, rubutun zai fito sarai. A baburan zamani lambar tana da gurbi 17, haruffa da lambobi a cakuɗe, kuma ba a sa I, O da Q a cikinta, don kada a rikita su da 1 da 0. Ukun farko suna nuna kamfanin da ya ƙera, na ƙarshe-ƙarshen su ne lambar wannan babur shi kaɗai. Idan saɓanin tsakanin 8 da B ne, ko 5 da S, ko 2 da Z, mai yiwuwa hannun magatakarda ne ya zame. Idan kuwa cikin lambobi shida na ƙarshe ne aka sami 3 a madadin 7, to ka fara zargin takardun na wani babur ne daban.

Shafa wurin da yatsa. Bugun kamfani a jere yake, zurfinsa ɗaya, tazararsa ɗaya. In ka ji ƙarfen ya ɗan lotsa kamar an goge shi da dutsen wuta, ko fentin wurin ya fi na kewaye sabunta, ko ka ga alamar walda a wuyan, mayar masa da kayansa ka karɓi kuɗinka tun yana ɗaukar wayarka.

Idan jikin lafiya yake, ku tafi ofishin rajista ƙafarka ƙafarsa, da babur ɗin, da rasit na asali, da takardar kwastan in shigo da shi aka yi, da katin shaidar kowannenku. Jami'i zai duba lambar da idonsa, a gyara takarda, a wuce kai tsaye ga sauya sunan mai shi. Takardar ciniki ta ɗauki sunaye, kwanan wata, lambar shasi, lambar inji, lambar rajista da sa hannun shaidu. Mutane da yawa a nan suke tsayawa, suna ganin takardar ciniki ta isa. Ba ta isa ba. Muddin sunan wancan ne a rajista, ba za ka iya sabunta takardu cikin sauƙi ba, kuma shi ma bai tsira ba: in aka yi ɓarna da babur ɗin, ƙofarsa za a fara ƙwanƙwasawa.

Tambaya: Injin babur ɗina mai cc 110 ya buga, bakanike ya sa mini mai 150. Sai na sanar?

Amsa: Sai ka sanar, ka kuma riƙe rasit ɗin sabon injin, don lambarsa za a shigar. Girman inji yana iya sauya ajin lasisi, kuɗin rajista da na inshora. Sauya launi ma haka. Sannan ka sa a duba birki, sarƙa da tayoyi: an auna su ne da ƙarfin 110.

Tambaya: Ina son in tsallaka iyaka da babur ɗina zuwa wata ƙasa. An ce in na yi lasisin ƙasa da ƙasa shi ke nan.

Amsa: Wannan ɗan littafin fassarar lasisinka ne kawai, ba ya aiki sai an haɗa shi da na asali, kuma ajin da ke kan na asalin shi za a buga masa. Iri biyu ne suka fi yawo: na Yarjejeniyar Janiba ta 1949, mai shekara ɗaya, da na Biyana ta 1968, mai kaiwa shekara uku. Tambayi wanne ƙasar da za ka take karɓa. Ban da shi kana buƙatar takardar rajista ta asali, izinin shigar da abin hawa na wucin gadi daga kwastan, da inshorar da ke aiki a can, domin ta gida takan tsaya a bakin iyaka. Shi ya sa yankuna suka fito da katin haɗin gwiwa: kore a Turai, ruwan ƙasa a Afirka ta Yamma, rawaya a gabashi da kudancin Afirka. In babur ɗin ba sunanka ba ne, ka tafi da rubutaccen izinin mai shi. In kuma ƙasar hannun hagu ake bi, ka kula da safiya lokacin fitowa daga masauki, titi ba kowa. A nan hannu yake komawa ga abin da ya saba.

Tambaya: Ni mace ce, da babur nake zuwa aiki. Kullum sai mu ji an sauya doka: yau hular kwano, gobe gudu. Ta yaya mutum zai san gaskiya daga jita-jita, kuma shin tsohuwar hulata ta tashi aiki?

Amsa: Ƴar'uwa, duk saƙon da aka turo miki a WhatsApp, nemi abu uku a cikinsa: hukumar da ta fitar, lambar dokar, da ranar fara aiki. In babu su, kada ki tura wa kowa. Doka tana fitowa ne a jaridar gwamnati ta dokoki, kuma sau da yawa akwai tazara tsakanin ranar sa hannu da ranar fara kamu. Ki kuma tuna birni ko jiha na iya ƙara tasu a kan ta ƙasa, kamar hana babur wani titi ko wani lokaci na dare.

Maganar gudu ba son tara ba ce kawai. Taron kiyaye haɗurran hanya na duniya da aka yi a Istokhom, babban birnin Suwidin, a 2020 ya ba da shawarar kilomita 30 a awa a inda motoci ke cakuɗa da masu tafiya a ƙasa, kuma birnin Faris na Faransa da birnin Burasil na Beljiyam suka mayar da yawancin titunansu haka a 2021. Lissafin a fili yake. A gudun 30 kina cin mita 8 a daƙiƙa guda, a 50 kusan mita 14, kafin ma yatsunki su kai ga birki. Nisan da birkin zai ja kuma ya kusa ninka uku. Yaron da kika tsaya a gabansa kina 30, da kina 50 kin riga kin kai gare shi.

Hula kuwa, duba igiyar haɓa ko bayanta. Mai tambarin Turai tana da harafin E cikin da'ira, lambar da ke biye kuma tana farawa da 05 ko 06. Ta Amurka an rubuta DOT. Ma'aunin Turai na 22.06 (mai 06) ya maye gurbin na 22.05 (mai 05), ya ƙara gwajin bugun da ke murɗa kai, amma irin wannan sauyi masu ƙerawa da masu sayarwa ya fi shafa, bai haramta wadda ke kanki ba. Abin da ke kashe hula shi ne faɗuwa. Farin soson da ke ciki sau ɗaya yake shanye bugu, ya motse, ba ya dawowa, ko da bayan hular bai nuna tsaga ba. Wadda kanki ya taɓa bugun ƙasa da ita ki sauya ta. Igiyar kuma ki ɗaure ta yadda yatsa biyu kaɗai za su shiga tsakaninta da haɓa; in da ɗankwali a ciki, ki gwada girman hular da shi a kanki tun a wajen saye.