Na karanta kimiyyar kwamfuta, zan iya digirin digirgir a kimiyyar ƙwaƙwalwa?

Tambaya: Malam, ni ɗan Gombe ne, na kammala digiri na biyu a kimiyyar kwamfuta. Ina sha'awar binciken ƙwaƙwalwa saboda ƙanwata tana fama da farfaɗiya, amma ana ce mini sai likita ke shiga wannan fanni. Gaskiya ne?

Amsa: Ƙanena, Allah ya ba ƙanwarka lafiya. Wanda ya faɗa maka haka ya haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Duba marar lafiya da rubuta masa magani aikin likita ne, amma binciken yadda ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86 da ke cikin ƙwaƙwalwar ɗan Adam ke aika wa juna saƙo ya fi ƙarfin fanni guda, shi ya sa jami'o'i da yawa ke tara masana halittu da lissafi da kwamfuta da halayyar ɗan Adam a shiri ɗaya. Tun a 1952 wasu masana kimiyya biyu, Alan Hodgkin da Andrew Huxley, suka bayyana yadda lantarki ke gudana a jijiya ta hanyar lissafi, kuma da injin lissafi mai murɗawa da hannu Huxley ya yi aikin. Sun samu kyautar Nobel a 1963.

A Amurka karatun digirin digirgir a wannan fanni kan ɗauki shekara biyar zuwa shida, kuma a shekarar farko ɗalibi kan zagaya ɗakunan bincike biyu ko uku kafin ya zaɓi malamin da zai kula da aikinsa. A Ingila shekara uku zuwa huɗu ne.

Abin da nake so ka riƙe da kyau shi ne, iya rubuta manhaja kaɗai ba zai wadatar ba. Idan aka manna wa yaro wayoyi a fatar kai domin gwajin EEG, wato gwajin da ke auna lantarkin ƙwaƙwalwa, layukan da ke rawa a allon kwamfuta ba duka ne daga ƙwaƙwalwa suke ba: ƙiftawar ido da taunar haƙori ma suna barin alamarsu, kuma wanda bai san jiki ba zai koya wa manhajarsa ɗaukar ƙiftawa a matsayin farfaɗiya. Saboda haka ka fara karanta tsarin jijiyoyi tun yanzu, ka nemi izinin zama kusa da likitocin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, ka kuma bibiyi horon da BioRTC, cibiyar bincike da horo kan kimiyyar lafiya ta Jami'ar Jihar Yobe, ke bayarwa a Damaturu, wadda ba ta da nisa da kai.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 50 ke da farfaɗiya, kusan kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. A takardar neman gurbi, ka ambaci ƙanwarka a layi ɗaya, sauran kuma ka bayyana tambayar da kake son amsawa da irin bayanan da za ka buƙata.