Amsa ga mai ƙaura zuwa Yamai: wace unguwa, kuma haya ko saye?

Assalamu alaikum ƴan gurup, barkanmu da warhaka. Wannan murya amsa ce ga ƙanenmu da ya ce an yi masa canjin wurin aiki daga Tawa zuwa Yamai, yana da mata da yara uku, yana tambaya wace unguwa zai zauna, kuma ko haya zai kama ko ya haɗa abin da ya tara ya sayi wuri. To ƙanena, Allah ya sa alheri ne ya kira ka. Ka saurara da kyau, maganar za ta ɗan yi tsawo.

Kada ka sayi komai a shekararka ta farko, ko da an ce maka araha ce ta faɗo. Ka kama haya tukuna, ka ga zafi ɗaya da damina ɗaya. A watan Janairu kowace unguwa kyau gare ta, ƙasa a bushe, mota na shiga ko'ina. Sai Afrilu ta zo ka san inda famfo ke ƙafewa da inda kuran ke yawan ɗaukewa. Sai Agusta ta zo ka san inda ruwa ke kwana. Wanda ya sayi fili da sanyi bai ga ko ɗaya ba.

Yamai kogi ya raba ta. Komin biyar gare ta, huɗu a wannan gefe, ta biyar ita ce Harobanda a ƙetare, inda jami'ar Abdu Mumuni da asibitin Lamorde suke. Gada uku ce ke haɗa su: Kenedi tun 1970, ta biyu ta ƴan Cana 2011, ta uku mai sunan Seyni Kunce 2021. In aikinka yana wani gefe, gidanka yana wani, to kullum safe da yamma sai ka bi layin gada. Shi ya sa tambayar farko ba "wace unguwa ta fi kyau" ba ce. Ina wurin aikinka, ina lakwal ɗin yara? Daga nan ake auna sauran.

Maganar ruwa nake so in daɗe a kai, don ita ke rusa mutane. Kogin Kwara sau biyu yake cika a shekara. Akwai cikar damina, wajen Agusta da Satumba, jan ruwa mai laka, ita ce mai haɗari. Akwai kuma wadda ke gangarowa daga Gini da Mali da sanyi. A 2012 da 2020 ruwa ya ci unguwannin bakin kogi: Lamorde, Karaje, Zarmagande, Kirkisoy, a wannan gefen kuma Saga da Gamkalle. Ban ce Harobanda duka ba ta zaunuwa ba, akwai tudu a can kuma mutane na zaune lafiya. Amma layi biyu a unguwa ɗaya, wani tudu ne wani kwari. Sannan ba kogi kaɗai ba ne. Akwai kwarin Gunti Yena da ya ratsa tsakiyar gari ya faɗa kogi, gidajen da ke gangarensa ruwan sama ke shigar musu, wasu ma daga ƙasa yake tsattsafowa.

Gida da kansa yana faɗin gaskiya in ka iya dubawa. Dubi gindin bango: in ka ga layin danshi, ko farin gishiri-gishiri, ko fenti sabo daga ƙasa zuwa gwiwa kawai, ruwa ya taɓa tsayawa nan. Dubi ƙofofin maƙwabta: in kowa ya ɗaga dokin ƙofarsa da bulo biyu ko uku, ko ya jera buhunan yashi, sun san abin da suka gani. In tsakar gida ta fi hanya zurfi, ruwan layin duka naka ne. Kuma ka tambayi sau nawa ake kwashe masai a shekara. Inda ruwan ƙasa ke kusa, ramin na cika da wuri, kuɗin motar kwasa kuma yawanci ɗan haya ake bari da shi. Wannan tambaya mai shagon layi za ka yi wa, ko ɗan ga-ruwa. Dillali la'adarsa yake nema.

Unguwanni kuwa, a gurguje. Filato, Kwara Kano, Tarminus da wani ɓangare na Yantala, nan ofisoshi da ƙungiyoyi da jakadu suke, haya da tsada, ba ta mai albashin gwamnati da yara uku ba ce sai in an biya masa. Bukoki, Lazare, Banifandu, Madina, Wadata, Talaje, jama'a ce cike, kasuwa kusa, taksi da ƙananan bas na haya da ake kira faba-faba ba sa wuya, Hausa za ka ji ko'ina, amma gidajen da yawa na haɗaka ne, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya. Bobiyel, Rekazma, Darussalam da Farankofoni, wadda aka gina don wasannin ƙasashe masu magana da Faransanci na 2005, su ne tsaka-tsaki, ana samun gida mai katangarsa. Sai sababbin unguwanni na bakin gari kamar Yamai 2000, Cangare wajen babban asibitin Referans, Kubiya, Basora, Sagiya. Can gida ya fi faɗi, haya ta fi sauƙi, amma sai ka auna nisan gidan da gudro.

Ga lissafin da mutane ke mantawa. A ce gidan bakin gari ya fi na cikin gari sauƙi da jika 20 a wata. In zirga-zirgarka da ta yara ta ƙaru da jika ɗaya kacal a rana, kwana 26 jika 26 ke nan. Ka ga sauƙin ya tafi, har da ciko. In kuma famfo ba ya zuwa sai tsakar dare, ka ƙara kuɗin ga-ruwa a kai. Saboda haka ka je ganin gida da tsakar rana, ka buɗe famfo da hannunka. In ka ga tulin jarkoki a ƙofar kowane gida, ba sai ka tambaya ba. Ka ɗaga kai ka ga ko akwai silin a ƙarƙashin kwano, don ɗakin kwano tsirara mai kallon yamma, a watan Mayu yara ba za su yi barci a ciki ba.

In ka ga gidan da ya yi maka, kada kuɗi su fita sai ka ga mai gidan ko wakilinsa na gaskiya. La'adar dillali a yi cinikinta tun kafin a fara yawo. Kosiyo, wato kuɗin ajiya da mai gida ke riƙewa saboda ɓarna, da abans, wato hayar da ake biya tun gaba, kowanne da rasit ɗinsa daban, a rubuta wata nawa ne. A yi kwantiragi a rubuce ko da shafi ɗaya ne: kuɗin wata, ranar biya, wa ke gyaran rufi, wa ke kwashe masai, wata nawa za a sanar kafin tashi. Ku zagaya gidan tare, ka ɗauki hoton kowace ƙofa da tsagewar bango, don ranar fita a kan waɗannan ake cinye kosiyo. Ka nemi faktir na ƙarshe na kuran, wato NIGELEC, da na ruwa, wato NDE, wadda ta gaji SEEN, ka rubuta lambar da kontar ke nunawa ranar shigarka. Bashin wanda ya tashi yana bin kontar, kai za a yanke wa. Kontar haɗaka da maƙwabta kuwa, in da hali ka guje ta, ita ce tushen yawancin rigimar gidan haya.

Yanzu saye. Saye yana da ma'ana in ka tabbata za ka daɗe a Yamai, ko iyalinka za su zauna ko da an sake ɗaga ka. Ma'aikaci yau yana nan, gobe takarda ta fito an ce Difa. Kuma a garin nan abin da ake saye takarda ce, ƙasa tana biyo baya. Takardar shaidar gona ta gargajiya daga mai gari ba ta kai akt de sesiyo ba, wato takardar ba da fili ta ma'aikatar magajin gari, shi ma bai kai titir fonsiye ba, wato takardar cikakkiyar mallaka. Ka karɓi sunan lotisma, wato yankin da aka yanka filaye, lambar ilo, wato rukunin filayen, da lambar parsel, wato filin kansa, ka je da ƙafarka ofishin filaye na magajin gari da kadastir, ofishin taswirar filaye, a duba rajista: sunan wa ke kai, an taɓa canza shi, ba a jinginar wa banki ba? Fili ɗaya ana sayar wa mutum biyu, uku, kowa da takarda a hannu. Ka ɗauki jometir naka, wato mai awon fili, ya nuna maka turakun iyaka huɗu a ƙasa, don ana nuna wa mutum wuri mai kyau alhali lambarsa tana cikin kwari. A biya gaban noter, wato jami'in da doka ta ba ikon shaida ciniki, a yi canjin suna nan take. In gidan gado ne, sai ka ga takardar magada ta kotu da ta wanda suka wakilta, in ba haka ba wani ɗa zai dawo daga tafiya ya ce bai yarda ba. Wuri a cikin dajin bedi da aka dasa ya kewaye gari tun shekarun 1960, ko ƙarƙashin manyan wayoyin kuran, ko filin da aka ware wa lakwal ko kasuwa, ko kyauta aka ba ka kada ka gina.

Kuma kuɗin fili somin-taɓi ne. Ɗauki parsel mai mita 15 a 20, wato murabba'in mita 300. Kewayensa mita 70. Katanga mai tsawon mita 2 ta zama murabba'i 140, kowane murabba'i yana cin bulo 12 da rabi, bulo 1750 ke nan, ba a sa tushe da ginshiƙai da ƙarfe da ƙofa ba, ba a kuma aza ɗaki ko ɗaya ba. Ka shiga kasuwar Katako ka ji farashin tan na siminti, buhu 20, da ƙarfe, ka tambayi nisan bututun ruwa da turken kuran mafi kusa, don jan su daga nesa aljihunka ne. Ga izinin gini daga magajin gari. In bashin banki za ka ci, wajen kashi ɗaya cikin uku na albashi za a riƙa cirewa, kana kuma biyan haya har ginin ya ƙare. Ka zauna da uwargida ku lissafa ko abin da ya rage zai riƙe gida.

Ka turo mana unguwar da aikinka yake, da ajin da yaran suke, da abin da za ka iya biya a wata, sai a faɗa maka wurare biyu ko uku da za ka fara dubawa. A gaida iyali da mutanen Tawa.