Amsa Kan Mutanen Bajau Da Gundumar Semporna

Assalamu alaikum warahmatullah, 'yan'uwa na wannan zaure. Daren jiya ɗan'uwanmu ya turo bidiyon wasu yara da ke nutso cikin teku ba tare da tulun iska ba, ya kuma tambaya shin gaskiya ne mutanen da ake kira Bajau ba su da ƙasa, a kan ruwa ake haihuwarsu, a kan ruwa suke ƙare rayuwarsu. Malam, rabin maganar gaskiya ne, amma ɗaya rabin shi ne ya sa na ga ya dace in yi bayani da murya, kuma zan tsaya ne a kan gunduma ɗaya da ta fi kowace suna da su, wato Semporna.

Semporna tana gabar kudu maso gabashin jihar Sabah ta Malesiya, a tsibirin Borniyo, cikin shiyyar Tawau, kuma tana fuskantar tsibiran kudancin Filifin, Indunusiya na kudu da ita. Ƙidayar 2010 ta nuna mutanen gundumar sun haura dubu 130, Bajau ne mafiya yawa, sai Suluk da Bugis da Sinawa. Wurin ya daɗe da mutane, domin a tudun Bukit Tengkorak da ke kusa da garin an tono tarin fasassun tukwane masu kimanin shekara 3,000, har da wani baƙin dutse mai kaifi da aka gano cewa daga tsibirin New Britain na ƙasar Papua New Guinea ya fito, tafiyar dubban kilomita ta ruwa. Ka ga tun fil azal wannan teku hanya ce ta fatauci.

Kafin zuwan Turawa, yankin yana ƙarƙashin daular Musulunci ta Sulu, mai cibiya a tsibiran kudancin Filifin na yau. Bajau su ne masuntanta da masu nutsonta, su ke ciro lu'ulu'u da sauran albarkatun teku da ake busarwa a sayar wa fataken Sin. A watan Janairun 1878 Sarkin Musulmin Sulu ya sa hannu kan wata takarda da wasu Turawa 'yan kasuwa biyu, Baron von Overbeck da Alfred Dent, inda ya ba su arewacin Borniyo a kan dala 5,000 duk shekara. Kalma ɗaya ta cikin takardar, wato "pajak", ita ce har yau ake jayayya a kanta, domin magada Sulu sun ce haya take nufi, Ingila da Malesiya kuwa suka ce mallakawa ce. Daga nan kamfanin Turawan Ingila da aka kafa don mulkin arewacin Borniyo ya sami izini daga masarautar Ingila a 1881, ya kafa garin Semporna a 1887, ƙasar ta koma hannun gwamnatin Ingila a 1946, sannan ta shiga tarayyar Malesiya ranar 16 ga Satumba, 1963.

To, a nan ne nake roƙon ku saurara da kyau, domin Bajau ba iri ɗaya ba ne. Mafi yawansu sun daɗe da zama wuri ɗaya, wasu a tudu, wasu a ƙauyukan da aka kafa kan turakun katako a bakin teku. Musulmi ne 'yan mazhabar Shafi'iyya, 'yan ƙasa ne masu katin shaida, a cikinsu akwai malaman makaranta da 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati. Sakaran Dandai, mai laƙabin girmamawa na "Tun", wanda ya yi babban ministan Sabah a 1994 sannan ya zama gwamnan jihar, ɗan Semporna ne. Haka ma Shafie Apdal, babban minista daga 2018 zuwa 2020, Bajau ne ɗan gundumar. Saboda haka duk wanda ya ce Bajau ba su da ƙasa, ya zalunci dubban ɗaruruwan mutane da magana guda.

Waɗanda ke cikin bidiyon su ne Bajau Laut, wato Bajau na teku, su kuwa suna kiran kansu Sama Dilaut. Kakanninsu sun rayu ne cikin kwale-kwale mai rumfa da ake kira lepa, iyali guda a jirgi guda, suna bin kifi da iska, suna musanya abin da suka kamo da rogo da ruwan sha a wajen mutanen tudu, amma idan aka yi rasuwa a tsibiri suke binne mamaci. Ƙwarewarsu a nutso ba ƙari ba ce: wani bincike da aka buga a 2018, wanda aka yi a kan danginsu na Sulawesi ta Indunusiya, ya gano saifarsu ta fi ta maƙwabtansu girma da kimanin kashi 50 cikin ɗari, abin da ke taimaka musu su jima a ƙarƙashin ruwa.

Matsalarsu ta takarda ce. Lokacin da aka shata iyakoki tsakanin ƙasashe uku, wato Malesiya da Filifin da Indunusiya, a kan tekun da suke yawo, babu wanda ya bi su jirgi-jirgi ya rubuta haihuwarsu. Sannan yaƙin kudancin Filifin na shekarun 1970 ya koro ƙarin iyalai zuwa Sabah, abin ya daɗa cakuɗewa. Yau za ka tarar da yaro wanda a ruwan Semporna aka haife shi, a nan aka haifi ubansa, amma ba shi da shaidar haihuwa, makarantar gwamnati ba ta karɓarsa, asibiti kuma kuɗin baƙo zai caje shi. Wannan abu yana taɓa zuciyata ƙwarai, musamman da yake hotunan irin waɗannan yara ne ake tallata yawon buɗe ido da su, kuma tun 1994 ake bikin Regatta Lepa inda ake ƙawata jiragen kakanninsu da tutoci ana kiɗa da rawar igal.

Sha'anin tsaro ya ƙara tsananta musu. A Afrilun 2000 'yan bindigar ƙungiyar Abu Sayyaf ta kudancin Filifin suka sace mutum 21 daga tsibirin Sipadan da ke tekun Semporna, tsibirin da Kotun Duniya ta tabbatar wa Malesiya a 2002 bayan ƙararta da Indunusiya. A 2013 kuma mabiya Jamalul Kiram na Uku, mai iƙirarin sarautar Sulu, suka shigo gundumar Lahad Datu ta Sabah da makamai suna neman gadon Sulu, faɗan ya kai ƙauyen Simunul na Semporna, aka kashe 'yan sanda shida. Tun daga nan sintiri ya ƙaru, kuma marar takarda ya zama abin zargi ko da bai san hawa ba bai san sauka ba. A watan Yunin 2024 hukumomi suka rushe fiye da gidaje 100 na kan turaku a gandun teku na Tun Sakaran, suna cewa an gina su ba bisa ƙa'ida ba a wurin da aka keɓe, ƙungiyoyin kare haƙƙi kuwa suka tambaya ina za a ce mutum ya koma alhali babu ƙasar da ta rubuta sunansa. Wassalamu alaikum.